Tambayoyi takwas ba su isa a auna ɗalibi ba

A ƙarshen wannan zangon karatu na ajiye kwas ɗin ilimin kiwon lafiya. Waɗanda suka zauna a tarurrukan sashenmu sun san cewa a kan yadda ake auna ɗalibai muka samu saɓani, amma da yawa ɓangare ɗaya kawai suka ji.

Manhajar kwas ɗin ta ce ɗalibi zai fita ya iya nemo sahihin bayanin lafiya a intanet, ya kuma bambanta shi da na bogi. Abin da na tarar ana auna wannan da shi shi ne takardar eHEALS, wadda Cameron Norman da Harvey Skinner suka fitar a 2006. Jimloli takwas ne, ɗalibi yana nuna ko ya amince da kowace ko bai amince ba: ya san inda zai samo bayani mai amfani, yana iya gane shafi mai inganci, da makamantansu. Takardar tana da amfaninta, domin tana nuna irin yardar da mutum ya yi da kansa. Sai dai tun a 2011 masu bincike a ƙasar Holan suka haɗa ta da gwaji na zahiri a kan kwamfuta, suka ga alaƙar makinta da abin da mutane suka iya yi mai rauni ce ƙwarai.

Shi ya sa na shirya jarrabawar aiki. Kowane ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta, ana naɗar duk abin da yake yi a allo, na ba shi tambaya ɗaya: wata uwa ta zo maka ta ce ta karanta cewa allurar rigakafin ƙyanda tana jawo wa yara larurar galahanga, ka nemo mata amsa, ka nuna mini ta inda ka bi.

Gani ya kori ji. Mafi yawansu sakamakon farko da Google ya kawo suka danna, suka zauna a ciki har lokaci ya ƙare. Idan shafi yana da tambari mai kyau, da hoton likita cikin farar riga, da jerin manazarta a ƙasa, shi ke nan an yarda da shi. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu ƙoƙarin ajin. Sun lalubo takardar likita Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta danganta allurar da wannan larura, suka kawo ta a matsayin hujja, don an koya musu cewa Lancet babbar mujalla ce. Ba su lura yara 12 kacal aka duba a binciken ba, ba su kuma ga cewa mujallar ta janye takardar tun 2010, shekarar da aka soke wa mutumin lasisin aikin likita a Birtaniya ba. Waɗannan ɗaliban su ne suka ba kansu maki kusan cikakke a tambayoyin nan takwas.

Na kai sakamakon biyu wa shugaban sashe, ina zaton za mu zauna mu gyara darasin. Lokacin ana shirin zuwan masu tantance kwasa-kwasai. Ya duba, ya ce, “Malam, so kake ka kunyata sashe?” Na ce, “Ranka ya daɗe, yaran nan gaban iyaye mata za su tsaya suna ba da shawara.” Ya ce ɗakin kwamfuta ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma duba hotunan allo yana cin lokaci. Wannan kam gaskiya ne, yana ci. Amma a taron sashe sai maganar ta juya, ya ce idan ɗalibai sun faɗi gwajina, koyarwata ya kamata a bincika. Aka cire sakamakon aikin, aka saka na takardar eHEALS a rahoto, aka rubuta cewa ɗalibai sun ƙware, sunana yana ƙasa a matsayin malamin kwas. Ban sa hannu ba, aka tura haka nan. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin na kalli naɗin kowane ɗalibi, na san abin da ke ciki.

Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne 'yan kaɗan ɗin da suka ci. Duk hanyarsu ɗaya: ba sa daɗewa a shafin da ba su sani ba, sai su buɗe wani gefe su nemi waye mai shi, wa ke ba shi kuɗi, me wasu suka ce a kansa. Haka Sam Wineburg da Sarah McGrew na jami'ar Stanford suka gani a 2017, da suka ba masu tantance labarai da malaman tarihi da ɗalibai shafukan ƙungiyoyin likitocin yara biyu na Amurka masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya tsohuwa mai dubban mambobi, ɗaya ƙarama da ta ɓalle daga cikinta a 2002. Masu tantance labarai sun gane bambancin nan take saboda sun fita daga shafin, ɗalibai mafi yawa kuwa ƙaramar suka zaɓa. Daga nan na mayar da darasina kan wannan ɗabi'a, kuma ajin da ya biyo baya ya nuna bambanci, ko da yake ba a bar ni na saka shi a maki ba.

Shawarata ga mai wannan aiki: ka ba da maki a kan hanyar da ɗalibi ya bi, kada ka tsaya a amsar ƙarshe. Kada ka dogara da tambarin amincewa, HONcode ma, tambarin tantance shafukan lafiya da muka daɗe muna koyarwa, an rufe shi a 2022. Ka ajiye kwafin kowane sakamako a wurinka kafin ka miƙa shi sama.

Yanzu ɗalibai da dama ChatGPT suke tambaya kafin Google, kuma yakan ƙirƙiro manazartar da babu ita. Duk gwajin da bai tilasta musu buɗe kowace manazarta a PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, su tabbatar tana nan ba, bai auna komai ba. Na faɗi wannan a tarona na ƙarshe, aka ce za a duba, kuma a jadawalin zango mai zuwa takardar 2006 ce dai a wurin.