Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Injin Kawu Ya Cije Ni

A makon jiya na tsaya ne inda Kawu ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin gado ya miƙo mini. Abin da ke ciki, naɗe a tsumma, injin ƙaramin jirgin sama ne, Fox .35, irin wanda Duke Fox ya yi ta ƙerawa a Fort Smith ta jihar Arkansas a Amurka. Girmansa bai wuce dunƙulen hannuna ba. Na kama farfela zan juya, ko gezau.

Na ce, "Kawu, ai wannan ya yi nokin."

Ya ce, "Nokin ɗin me? Barci yake yi. Man zurma ne ya daskare masa a ciki. Kar ka sa ƙarfi, ɗan nan, sai ka lanƙwasa sandar fistan."

Kwana biyu muka jiƙa shi a cikin mansa, sannan Kawu ya ɗan gasa silindar har ta yi zafin da ba a iya riƙewa. Ya juya a hankali, sai ga wani baƙin danƙo yana fitowa kamar ƙaro. Da ya saki, in aka juya farfelar sai ka ji "fuf", alamar matsinsa yana nan.

Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne filoginsa. Ba ya tartsatsi irin na babur. Wata 'yar siririyar waya ce a murɗe a cikinsa, mai haɗin filatinom. Batir mai bolt 1.5 ake maƙala mata ta yi ja kamar garwashi. Da inji ya tashi sai a cire batirin, ita kuwa wayar ta ci gaba da ja, domin tururin metanol, wato sinadarin da injin ke ƙonawa a matsayin mai, in ya taɓa filatinom zafi yake haifarwa, ga kuma zafin ƙonewar man. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ne ya fito da wannan filogi kasuwa a 1947, kuma kafin nan sai ɗan jirgi ya ɗauki kwayil da batir ya tashi da su sama. Ni dai har yau ina ganin babu dabarar da ta kai wannan kyau a duk harkar.

Muka ɗaure injin a katako da noti, muka sa farfela mai inci 10. Kawu ya murɗa allurar da ke daidaita shigar mai ta rufe, ya buɗe ta kamar zagaye uku, ya ɗiga mai kaɗan ta ramin hayaƙi. Ya ce, "Ɗigo biyu ko uku. Kar ka ƙara." Sai aka yi sallama da shi a waje, ya fita.

To, kun san yaro. Na kaɗa farfela sau goma bai tashi ba, sai na ce yunwa yake ji, na tsiyaya masa mai har yana zubowa. Na maƙala batir, na ji filogin yana "cuuu" kamar an yayyafa wa garwashi ruwa, ban san gargaɗi yake yi mini ba. Na sa yatsa na kaɗa. Maimakon ta wuce, farfelar ta dawo baya da ƙarfi ta zabge ni a kan gaɓa. Tabon yana nan a manuniyata ta dama, fari, kamar jinjirin wata.

Kawu ya dawo ya tarar ina tsotsar yatsa. Bai yi faɗa ba. Ya cire batir tukuna, ya kwance filogi, ya kifa injin ya yi ta juya farfela man yana fesowa. Sannan ya ɗauko guntun sanda da aka zura a tiyo ya ce da wannan ake kaɗawa. Kaɗawa ta uku inji ya kama, da wata irin gurnani mai kauri, yana feshin mai da farin hayaƙi.

Nan ne aka fara karatun kunne. In allura ta buɗe da yawa, injin yana tsallake bugu ɗaya, sautinsa ya yi kauri. Kana murɗa ta ciki kaɗan-kaɗan, daga bayan farfela, sai muryar ta sirance ta koma kuka mai tsini. Ni wannan kukan ne ya burge ni, na ci gaba da murɗawa. Kawu ya buge mini hannu, ya mayar da ita baya. Da injin ya tsaya ya ce, "Man da kake hana shi, a cikinsa maiƙonsa yake." Waɗannan injina ba su da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin metanol ake gauraya shi. Fox kuwa, da fistan ɗinsa na ƙarfe, yana son man zurma har kusan kashi 29 cikin 100, nitro, sinadarin da ke ƙara wa man ƙarfi, kaɗan ya ishe shi. Ka matse masa allura ya yi zafi, ya ci kansa cikin 'yan mintuna. Daidai gaɓar da yake rawa tsakanin kauri da tsini, nan ake barinsa, tunda a sama zai ƙara sirancewa da kansa.

Da yamma Kawu ya zuke sauran man tanki, ya toshe galan sosai saboda metanol yana shan danshin iska, ya ɗiga wa injin mai mara nauyi don kada ya sake daskarewa. Rigata kuwa wanki biyu aka yi mata ƙamshin zurma bai fita ba.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda muka ɗora shi a jirgi mai igiya biyu, wanda ake riƙe da igiyoyinsa ana juyawa da shi yana zagaya mutum, da yadda jiri ya kayar da ni a zagaye na shida.