Barkar da na yi wa Hajiya

Ina shekara ta biyu da fara aikin jinya aka tura ni sashen awon ciki a wani asibitin gwamnati. Wata Talata, ranar masu sabon kati, sai ga amaryar gidan da ke bayan namu. Na auna ta, na cike mata kati, muka taɓa ɗan barkwanci ta tafi. Bayan kwana huɗu muka haɗu da surukarta a gidan suna. Muna gaisawa na ce, "Hajiya, ashe mun kusa taruwa a gidanku, Allah ya raba lafiya." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Wa za a raba da wa, 'yar nan?" Nan take cikina ya ɗuri ruwa.

Ashe yarinyar ta yi ɓari har sau biyu, shi ya sa ita da mijinta suka yanke shawarar yin shiru sai cikin ya yi ƙwari. Hajiya ta ɗauki abin da zafi, wai ɗan da ta haifa ya ɓoye mata, sai a bakin bare za ta ji. Aka kwashe makonni ba ta ko amsa gaisuwar amaryar. Ita kuwa yarinyar ba ta sake taka ƙafarta wajenmu ba. Ta koma yin awo a can wani asibiti mai nisa, tana biyan kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa.

Ni da kaina na kai ƙarar kaina wajen babbar sistarmu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "'Yata, ke kin ɗauka cuta ce kaɗai sirri. Zuwan mutum asibiti ma sirri ne." Daga baya na ga haka yake a rubuce. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, maganinsa ko zamansa a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko idan yin shirun zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Akwai kuma sassauci ga iyayen yaro ƙarami da mai kula da wanda ba ya cikin hayyacinsa. Suruka dai ba ta cikin jerin. Miji ma ba ya ciki, kuma wannan ne ya fi ba mu wuya.

Sau nawa magidanci ya tsaya a kaina yana cewa, "Sista, ni ne mijinta, ni na biya kuɗin gwajin, gaya mini abin da aka gani." Ba na musu da shi. Nakan ce, "Malam, ɗan jira mu a waje," in zauna da matar mu biyu, in tambaye ta ko tana son a yi masa bayani, kuma ko tana son in kasance a wurin. Yawanci sukan yarda. Idan sakamakon ƙanjamau ne ko ciwon hanta, sai an bi a hankali, domin kalma ɗaya a baranda tana iya mai da mace gidan iyayenta kafin magariba. Tunda Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, irin waɗannan takardu sun ƙara yawa a hannun waliyyai, kuma kowa na ganin yana da haƙƙin leƙawa.

A zamana na wannan aiki, sirrin da ya fita saboda mugunta kaɗan ne. Yawanci zumunci ne da sakaci. Mai ba da magani ya ɗaga murya ta taga, "Wa ke da maganin tarin fuka?" Likita ya yi bayani a gefen gado alhali 'yan dubiya takwas na zaune a tabarma, labule kuwa ba ya tare sauti. A ɗauki hoton fayil da waya a tura wa likita ta WhatsApp, da dare yaro ya karɓi wayar yana wasa. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe mini a takardar gwajin jini, da sunan mai ita da shekarunta ɓaro-ɓaro. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsaurara tsaronsu, amma mai ƙosai ba ta da laifi, wani daga cikinmu ne ya fitar da takardar.

Yanzu in na haɗu da wadda na duba a wajen biki, gaisuwar unguwa kawai muke yi, ko "ya jiki" ba na cewa sai in ita ta tayar da zancen. Amaryar nan kuwa ta haihu lafiya, namiji. Na je har ɗakinta na ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, Anti, ya wuce." Ta sake haihuwa biyu bayan wannan, kuma duk awonta a wancan asibitin mai nisa ta yi.