Asabar a Tudun Wada

Ƙarfe 11 da rabi na dare. Sai yanzu Ummi ta yi barci, ta damƙe wuyan rigata, da hannu ɗaya nake wannan rubutun.

Ƙarfe 7 muka bar Kano. A mota lafiya lau, tana ta gwarancinta, kafin Kwanar Dangora barci ya kwashe ta. Har na ce wa Abbanta ashe tafiyar da nake ta fargaba ba komai ba ce. Na shiga Zariya da ɗokina, ina son ganin amarya, ina marmarin wainar Hajiya.

Muna yin sallama aka rangaɗa guɗa. Tsakar gida maƙil da mata, ga hayaƙin turaren wuta, ga kiɗan ƙwarya a gefe. Ban gama kwance majanyi ba aka zare ta daga bayana. Wannan ta ɗaga ta sama, waccan ta ja kumatu, wata ta kawo fuska dab da tata tana kiran sunanta da ƙarfi. Da fari ba ta yi kuka ba. Shiru ta yi, idanunta na yawo a kan fuskoki, har suka faɗo kaina. Ta miƙo hannu biyu. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa, sannan ta tsanyara wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Ni kuwa ina durƙushe ina gaida manya. 'Yar fari ce, sunan Hajiya gare ta, kuma a gidan surukai nake. Tun ina ƙarama na san uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da amsa "ya hanya".

Gwaggo ta ce, "Ke kika sangarta yarinyar nan. Kullum tana maƙale a baya, ina za ta san mutane? A bar ta ta yi kukan, gobe ma ba za ta ƙara ba."

Na ce, "To, Gwaggo."

Wata ta ce ko baki ne, a nemo tazargade. Aka ci gaba da miƙa ta hannu zuwa hannu, kowa na jijjigawa, ita kuma kukan sai gaba yake yi har ya koma shessheƙa, ta dawo da ɗan kunun da ta sha a hanya. Zai kai minti 10.

Hajiya ce ta fito daga kicin ta ce, "Ku ba ni kishiyata." Ta karɓe ta, ko zama ba ta yi ba ta ɗora min ita a cinya. "Tashi ki shiga ɗakina ki ba ta nono. Ba a yi wa jariri kunya." A hankali ta faɗa, amma kowa ya ji.

Na tura ƙofa, hayaniya ta ragu. Jikinta jiƙe da gumi, zuciyarta na bugawa da sauri a ƙirjina. Na shimfiɗa zanin da take kwana a kai a gida, wanda da gangan ban wanke ba kafin mu taho don ƙamshinmu na jikinsa. Na tofa mata addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini, na yi ta 'yar waƙar da nake mata duk dare. Tana shan nono tana ajiyar zuciya, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗauke ido daga fuskata ba.

Can Hajiya ta shigo. Ta zauna a bakin tabarma, ba ta ko kalli Ummi ba. Da ni take hira, tana tambayar Mama da ciwon ƙafarta, tana juya wani ƙaramin ludayi a hannu. Ummi ta kalle ta, ta juyo ta kalle ni. Na yi murmushi. Ta sake kallon ludayin. Aka ɗauki kusan rabin awa a haka kafin ta miƙa hannu, ɗayan hannun kuma na riƙe da zanina. Hajiya ta ba ta, ba ta ce za ta ɗauke ta ba. Kafin la'asar yarinyar da ta ƙi kowa tana jan ɗankwalin kakarta.

Abin da ya fi ci min rai, na san duk wannan. Ranar awo ma'aikaciyar jinya ta gaya mana ƙiwa takan fara tsakanin wata 6 zuwa 9, ta yi sauƙi wajen shekara 2. Ta ce alama ce yaro ya fara bambance nasa da baƙo, ya gane uwarsa tana nan ko ba ya ganinta, sai dai bai san za ta dawo ba. A baƙon wuri a bar shi a jikin uwa ya gama kallo tukuna, baƙo ya matso a hankali, kuma kada uwa ta sulale a ɓoye, ta yi masa sallama. Fuskar uwa yake dubawa ya san ko wurin lafiya. Ummi wata 8 gare ta. Ta duba tawa fuskar yau, ta tarar na sunkuyar da kai.

Ba na jin haushin Gwaggo, haka aka raine su, kuma son yarinyar ne ya sa kowa ke son ɗauka. Waɗancan mintunan ne suka tsaya min a rai.

Amarya ta yi kyau, lallen ya kama sosai. Wainar ban ci ba sai bayan isha'i, ta huce. Abbanta ya ɗaura mana gidan sauron da muka zo da shi, na kwantar da ita rigingine kamar kullum.

Gobe wuni, mutanen sun fi na yau yawa. A bayana za ta shiga, kuma ba zan sauke ta ba sai ita ta nema. Tun ɗazu nake juya yadda zan gaya wa Gwaggo haka ba tare da ta ga na yi mata rashin kunya ba. Da asuba zan fara tambayar Hajiya.