Daga Marwa zuwa Ngaundere saboda ƙofar hanci

Motar asuba muka shiga a Marwa, a arewacin Kamaru, ni da ɗan ƙanwata. Bara waccan ya faɗi a babur, hancinsa ya yage, aka ɗinke. Ciwo ya warke, amma tabon ya yi ta tsukewa har ƙofar hagu ta koma kamar kafar allura. Da baki yake numfashi, ya kwana yana minshari, ya tashi maƙogwaro a bushe. Dangi suka ce ai muni ne kawai, namiji ba ya neman kyau. Su ba su kwana ɗaki ɗaya da shi.

Hunturu ne, ƙura ta rufe hanya. A Figil, inda masana'antar siminti take, sai da ya naɗe fuska da rawanina. Muka ci shinkafa a Garwa, muka haye gadar Binuwai, manyan motocin auduga na ta wuce mu. Bayan Mbe mota ta fara hawan dutse tana nishi, kwana bayan kwana, har muka hau tudun Adamawa, sama da mita 1,000. Sanyin Ngaundere ba wasa ba ne ga mutumin Marwa.

Likitan kunne da hanci ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya ce mun yi daidai da ba mu yi gaggawa ba, don sai tabo ya nuna, wata 6 zuwa shekara, kafin a taɓa shi. Na tambaya me ya hana a tsaga wurin kawai.

"Malam, tabo halinsa ja. Ka tsaga, ya sake haɗewa, wani sa'in fiye da da."

Abin da ya yi shi ne ya yanke tabon, ya ɗebo 'yar fata haɗe da guringuntsi daga kunnen yaron, ya dasa a gurbin. Fatar ta cike giɓi, guringuntsin ya tokare ƙofar. Sannan ya cusa wata roba mai rami, wadda yaron zai yi watanni da ita, ana cirewa a wanke da ruwan gishiri a mayar. Masu jefar da ita da wuri, in ji shi, su ne ke dawowa aiki na biyu.

A tasha, ranar komawa, yaron ya ja hannun rigata.

"Kawu, haka zan shiga kasuwa da roba a hanci?"

"Haka za ka shiga. Uwarka ma na faɗa mata ta sa maka ido."