Daga Lightroom 6 zuwa Classic ba tare da taskar hotuna ta watse ba: inda aiki ya kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon harkar hoto a nan Legas. Ga bayanin inda aka kwana a aikin sabunta manhaja a taskar da muke gwaji da ita, wadda ta tara hotunan ɗaurin aure, suna, walimar sauka da na Sallah daga Agege, Idi-Araba da Mile 12. Taskar a da tana zaune ne a kan Lightroom 6 na 2015, manhajar tsara hotuna da gyara su, wanda shi ne na ƙarshe da Adobe ta sayar a biya sau ɗaya. Daga 2017 sai Lightroom Classic na kuɗin wata-wata. Tashin ya zama dole, domin tsohuwar manhajar ba ta buɗe RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto yadda kyamara ta ɗauka, na sababbin kyamarori irin CR3 na Canon, ga shi kuma 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da Microsoft ta sa ta janye tallafi daga Windows 10, wato ita ma kwamfutar canji take jira.

Ƙa'idar da muka ɗora aikin a kai ita ce ba a haɗa canji biyu a zama ɗaya. Manhaja tukuna. Sauya kwamfuta daga baya, gyaran foldoji kuma a can ƙarshe. In aka sabunta manhaja, aka sauya faifai, aka sake wa foldoji suna duk a yini guda, sannan hotuna dubu uku suka ɓace, babu mai iya cewa wanne ne ya jawo.

Dalilin wannan tsantseni shi ne Lightroom ba ya ɗauke da hoto ko ɗaya a cikinsa. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .lrcat, wato katalog, tamkar littafin dillali ne a kasuwar Mile 12: an rubuta buhun wane yana rumfa kaza, layi kaza, amma buhun yana can a rumfa. Wanda ya kwashe buhuna bai faɗa wa mai littafi ba, ya raba kaya da lissafi. Taurari, kalmomin nema, tarin hotunan da ake kira Collections da duk gyaran launi suna cikin katalog. Hotunan suna kan faifai, adireshinsu kawai katalog ya sani.

Don haka abin da aka fara yi ƙidaya ce, da biro da takarda. A ɓangaren Library, a hagu, All Photographs ya nuna 41,386. An rubuta wannan, an rubuta adadin kowace babbar folda, adadin Collections, da yawan hotuna masu taurari biyar. Bayan sabuntawa waɗannan lambobi ne shaidu. Daga nan aka shiga Library aka danna Find All Missing Photos, ya fito da 212 da katalog ke nema bai gani ba. Mafi yawansu folda ɗaya ce da aka sake wa suna ta File Explorer, an gyara ta cikin minti guda: danna dama a kan foldar mai alamar tambaya, Find Missing Folder, a nuna masa sabon sunan. Sauran kuwa an shigo da su ne da Add kai tsaye daga katin memori, ba da Copy ba, daga baya aka goge katin. Waɗannan sun tafi, ƙananan samfuransu kawai suka rage a katalog. An sa musu jan launi an bar su, don a san tun kafin sabuntawa suka ɓace.

Sai kwafin ajiya, kuma a nan ne muke so a tsaya da kyau. Tagar nan da Lightroom ke fitowa da ita lokacin rufewa yana tambayar ko a yi Back up, katalog kaɗai take kwafa, ba ta taɓa hoto ko ɗaya. Kuma in ba a sauya mata wuri ba, a foldar Backups take ajiyewa, gefen katalog ɗin, a faifai ɗaya. Faifan ya mutu, uwa da 'ya sun tafi tare. Mun sa alama a Test integrity da Optimize catalog, muka karkata ajiyar zuwa faifan waje, sannan aka rufe manhajar aka kwafi foldar katalog ɗin gaba ɗaya da hannu. Wanda bai san inda tasa take ba ya shiga Edit, Catalog Settings, General, ya danna Show. An kuma kwafi foldar Lightroom da ta CameraRaw da ke cikin AppData\Roaming\Adobe, domin a can presets, wato saitunan gyara da aka adana, da tambarin da ake liƙa wa hoto suke.

Hotunan kansu sun kai kusan 900GB, don RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan ci 25MB zuwa 30MB kowane ɗaya. Faifan 2TB aka nema. Wanda zai saya a Computer Village na Ikeja, akwai na kirki akwai gyararre da aka sa wa sabon gida, kamar kowace kasuwa, kuma ido ba ya bambancewa. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna awannin da faifan ya yi yana aiki da lafiyarsa. Sabon faifai mai awa dubbai, ko mai nuna Caution da rawaya, a mayar wa mai shago tun rasit bai yi sanyi ba. H2testw kuma yana cika faifan da bayanai ya sake karantawa, shi ke tona asirin girman ƙarya, sai dai a 2TB yakan ci kusan rabin yini. In Windows ya nuna 1.81TB kada a tayar da hankali, bambancin lissafi ne kawai. An tsara faifan da NTFS, ba FAT32 ko exFAT ba. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB, ga bidiyon biki, exFAT kuma ya fi saurin rikicewa in wuta ta yanke ana tsakar rubutu.

Lissafin lokaci: faifai mai juyawa a USB 3 yana tafiyar kusan 100MB a daƙiƙa, 900GB zai ci awa biyu da rabi in komai ya tafi daidai, a zahiri ya haura uku saboda ƙananan fayiloli. A tsohon ramin USB 2 kuwa kusan awa takwas ne. Kowa ya san halin wutarmu, saboda haka laftof mai lafiyayyen batir ko inbata, kuma faifan da ke shan wuta daga USB ya fi wanda ke da tasa filogi, don shi mai filogin yakan mutu a 'yan daƙiƙun da ake juyawa zuwa janareta. FreeFileSync muka yi kwafin da shi, bayan ya gama aka sake kwatanta ɓangarorin biyu da zaɓin File content, wanda ke karanta cikin fayil maimakon ya tsaya ga suna da girma.

Bayan kwafin ya tabbata, ba kafinsa ba, aka zaɓi dukkan hotuna aka danna Ctrl da S don a rubuta bayanai cikin XMP, wato tsarin ajiye bayanan hoto tare da hoton. Ga RAW irin NEF da CR2 yana ƙirƙirar ƙaramin fayil .xmp a gefe, amma ga JPEG, TIFF da DNG cikin hoton kansa yake rubutawa, shi ya sa ba a yinsa sai da kwafi a hannu. Manhajar kwafi kuma za ta ga duk waɗannan a matsayin fayilolin da suka canza, a zagaye na gaba za ta sake ɗaukarsu. Amfaninsa shi ne taurari, kalmomin nema da gyaran ƙarshe suna bin hoton duk inda ya je, har zuwa manhajar kyauta irin digiKam in wata rana kuɗin wata-wata ya gagara, kodayake ita taurari da kalmomi za ta ɗauka, gyaran launi na Adobe ne. Abin da XMP ba ya ɗauka: Collections, Virtual Copies (kwafin gyara da ke cikin katalog kawai) da tarihin matakan gyara. Dabarar da muka yi wa Collections masu muhimmanci ita ce a ba duk hotunan ciki kalmar nema ɗaya, misali “album-amarya-Agege-2019”, sai tarin ya zama ana iya sake haɗa shi a ko'ina. An kuma fitar da jerin kalmomin ta Metadata, Export Keywords.

A wajen kalmomin nan akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai. Jerinmu ya nuna “ɗaurin aure” da ƙugiya, “daurin aure” babu ƙugiya, da “Daurin Aure Agege”, kuma a wajen manhaja abubuwa uku ne daban. XMP yana riƙe ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, don haka a kalmomin nema ƙugiya ba matsala. A sunayen foldoji da fayiloli ne muka guje ta, saboda tsofaffin injunan buga hoto da talabijin masu karanta filash sukan mayar da ita alamar tambaya. Haɗe kalmomin kuwa an jinkirta shi zuwa bayan sabuntawa.

Sabuntawar kanta ba ta da wani dogon labari. An sa Lightroom Classic, an nuna masa tsohon katalog, ya ce sai ya ɗaga shi. Ba ya rubutu a kan tsohon, sabon kwafi yake yi, don haka a bar masa fili a faifai, a kuma karanta sunan da wurin da tagar ta rubuta kafin a danna Upgrade. Siga ta 13, alal misali, takan liƙa -v13 a wutsiyar sunan. Hanya ɗaya ce: sabon katalog ba ya buɗuwa a tsohuwar manhaja. Tsofaffin presets masu .lrtemplate ya mayar da su XMP da kansa, tsarin da Adobe ta koma tun 2018. Wannan ɗan lokacin ne ba a so wuta ta yanke ko kaɗan.

Da aka buɗe, All Photographs 41,386, Collections sun cika, taurari biyar sun yi daidai da takarda. Amma a buɗewa ta gaba duk foldoji suka fito da alamar tambaya, hotuna da alamar motsin rai a kusurwa. Babu abin da ya ɓace. An cusa filash kafin faifan hotuna, Windows ya ba filash harafin E, faifan ya koma F, katalog kuma yana ta neman E. Magani na dindindin shi ne a shiga Disk Management, Change Drive Letter and Paths, a ba faifan harafi daga can ƙasa, mu P muka ba shi, wanda filash ba zai taɓa kai wa gare shi ba. Sannan a Lightroom a yi Find Missing Folder a kan babbar folda ta sama kaɗai, 'ya'yanta duk su biyo ta. Wanda foldojinsa ke zube ɗai-ɗai babu uwa, ya yi Show Parent Folder tun faifan yana haɗe, in ba haka ba ɗaya bayan ɗaya zai yi ta nema.

A irin wannan firgici ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace. Mutum ya ga alamar tambaya, sai ya sake Import, ko ya yi Synchronize Folder da alama a kan Remove missing photos from catalog. Na farko yana cika katalog da hotuna tsirara, babu gyara babu tauraro, ko kuma ya ƙi shigo da su yana cewa akwai su. Na biyu yana share aikin shekaru daga littafi. Alamar tambaya adireshi take nema, a ba ta adireshi.

In wuta ta yanke manhaja tana buɗe, gefen katalog za a tarar da fayil mai ƙarewa da .lock, kuma Lightroom zai ce wani yana amfani da katalog ɗin. In an tabbata manhajar a rufe take, wannan kaɗai ake gogewa. Mai ƙarewa da -wal ba a taɓa shi, ayyukan ƙarshe da ba su gama shiga katalog ba suna cikinsa. Akwai kuma sabon abu da Lightroom 6 ba shi da shi, mai ƙarewa da .lrcat-data, wanda ya zo da siga ta 11 a 2021, yana riƙe bayanan gyaran da ake yi wa sashen hoto, kamar fuska ko sama. Daga yanzu duk kwafin hannu dole ya haɗa da shi. Previews.lrdata kuwa, inda ƙananan samfuran hotuna suke, duk girmansa, ana iya barinsa, manhaja za ta sake ginawa, ban da na hotunan da asalinsu ya ɓace.

Ƙananan abubuwa biyu da aka rufe da su wannan mataki. A Preferences, General, an kafe sabon katalog a matsayin wanda za a riƙa buɗewa, tsohon kuma an matse shi a zip an kai faifan ajiya, domin in ya zauna a fili wani zai danna shi, manhaja ta sake ɗaga shi, a yi mako ana aiki a littafin bara. An kuma kashe sabuntawa ta kai-da-kai a Creative Cloud, manhajar Adobe mai saukar da sababbin siga, kada babbar siga ta sauko ana gobe za a miƙa hotunan biki. Tsofaffin hotuna da ke nuna alamar walƙiya a ɓangaren gyara na Develop, wato an gyara su da tsohon injin sarrafa launi, an bar su yadda suke. Ɗaga su a dunƙule yana iya sauya haske a hoton da mai shi ya riga ya karɓa ya yaba.

Abin da ya rage, bayan sauya kwamfuta, shi ne foldoji. Tsarin da muka tsayar: uwa ɗaya mai suna Hotuna, ƙarƙashinta shekara, ƙarƙashin shekara kwanan wata da sunan taro, kamar 2024-06-16 Babbar Sallah Agege, shekara a gaba don su jeru da kansu. Duk motsi daga cikin Lightroom za a yi shi, folda ɗaya-ɗaya, ana duba lamba bayan kowace. Sunayen fayiloli ma za su sami kwanan wata a gaba, saboda kyamara in ta kai 9999 komawa 0001 take yi, kuma taskar tana da DSC_0001 fiye da ɗaya. Masu wahalar su ne hotunan da aka turo ta WhatsApp, waɗanda aka cire musu bayanan kyamara, ranar da ke cikin suna irin IMG-20230422-WA0007 kuma ranar turowa ce, ba lallai ranar ɗauka ba. Waɗannan za a ware su a foldarsu, a gyara musu lokaci ta Metadata, Edit Capture Time, taro bayan taro, bayan sabon katalog ya yi aikin biki guda cikakke daga shigo da kati har fitar da hotuna.