Gidan Hajiya da nake ɗinkawa da ƙyallayen tela

Wata uku kenan duk wanda ya shigo ɗakina sai ya tsaya ya tambaye ni wai me nake yi da tsummokara haka, har ƙanwata ta sa min suna sarauniyar bola. To yau na ce bari kawai na zauna na rubuta ko na huta da bayani ɗaya bayan ɗaya. Gidan kakata nake ɗinkawa. Eh gida, da allura da zare.

Gidan yana cikin gari ne, irin lungun nan da mota ba ta shiga sai dai ka ajiye ta a bakin titi ka taka sayyadarka. Ginin ƙasa ne na tubali, rufin azara, da zanko a saman soro, da indararo guda biyu da in ana ruwa muke tsayawa a ƙarƙashinsu muna wanka har sai an fito mana da bulala. Bayan rasuwar Hajiya aka raba gado aka sayar, wanda ya saya ya rushe ya yi na bulo da kwano, kuma ni ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ne, yaɓe duk shekara kafin damina ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk danginmu babu mai hoton gaban gidan nan ko ɗaya. Hotunan biki da suna kam ga su nan jibgi, amma duk fuskoki ne da ɗaurin ɗankwali, bangon sai dai ka hango ɗan gefensa a bayan kan wata.

Yadda abin ya faro kuwa, wani dare ne ba wuta ga zafi, ina kwance ina ta duba Pinterest ina neman salon doguwar rigar da zan kai ɗinkin sallah, kawai sai ga wani hoto ya faɗo min: unguwa guda an yi ta da ƙyalle, ƙananan gidaje ja da kore da ruwan ɗorawa, duwatsu a baya, rana ta leƙo ta tsakaninsu, ga wasu 'yan mata-mata kamar 'yartsana sun kewaye ƙatuwar tukunya. Na ɗauka aikin 'yan firamare ne. Da na bi diddigi sai jikina ya yi sanyi, rigar sallar ma ban koma ta kanta ba a daren.

Aikin matan ƙasar Chile ne a Kudancin Amurka, arpillera suke ce masa, da yarensu na Sifaniyanci ma'anarsa buhu, don a kan yankin buhun fulawa da makamantansa suke ɗinka shi. Ranar 11 ga Satumba 1973 soja ƙarƙashin Janar Pinochet suka kifar da gwamnatin Salvador Allende, Pinochet ɗin nan bai sauka ba sai 1990, kuma a tsakanin nan sama da mutum 3,000 aka kashe ko aka ɓatar. A zo cikin dare a tafi da miji ko ɗa, mace ta je caji ofis a ce ba a san zancen ba, ta je asibiti babu, ta je barikin soja a koro ta. Ga yara ga yunwa ga babu mai kawowa. Cocin Katolika na birnin Santiago ne ya buɗe musu wuraren haɗuwa, musamman wata cibiya da aka kafa a 1976 mai suna Vicaría de la Solidaridad, ana ba su ƙyallaye suna ɗinki, cibiyar ta saya ta fitar waje a sayar su samu na abinci. Su kuma da aka ce su ɗinka, sai suka ɗinka abin da ke gabansu. Unguwarsu ta talakawa, masana'anta da aka garƙame ƙofarta, tukunyar taron dangi da ake dafa wa yaran unguwa gaba ɗaya, wayoyin wuta da aka jona ta bayan fage daga fal ɗin titi, motar soja a ƙofar gida, kujera babu kowa a kai. Wasu da rigar wanda aka ɗauke suke yin aikin, su yanka hannun rigar miji su yi bango da shi. Wasu kuma sukan ɗinka ɗan aljihu a bayan, su rubuta 'yar takarda su cusa ciki don wanda zai saya a wata ƙasa ya san me ya faru. Da farko ma hukuma ba ta damu da su ba, ai ɗinkin mata ne, wa zai tsaya bincikar tsumma.

Ni dai ba a ɗauke min kowa ba, Alhamdulillahi, kuma ba zan haɗa ɗan kewar gida da nake yi da abin da matan nan suka gani ba. Amma zancen rigar nan ya ƙi barina.

Daga nan na shiga rami, kun san intanet, ka shiga neman abu ɗaya ka fito da goma. Na ga na matan Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, baƙaƙen fata jikokin bayi, da suke haɗa bargo da tsofaffin wandunan gona saboda sanyi, har akwai salon da suke kira saman gida, murabba'i cikin murabba'i kamar kana kwance kana kallon rufin ɗaki. Shekara da shekaru suna yi ba wanda ya ce musu sannu, sai a 2002 aka baje kayansu a gidan adana kayan fasaha na Houston, a 2006 har kan sarki aka buga da hotonsu. Na ga kuma na wata mata Faith Ringgold da ta rasu a 2024, a 1988 ta yi wani na iyali sun hau saman bene a unguwar Harlem ta New York cikin dare lokacin zafi, an shimfiɗa wa yara katifa, ga gada can tana ƙyalli da fitilu. Wallahi sai da na yi dariya, wannan ai kwanan kan soro ne a watan Afrilu, sauro ne kawai ban gani ba. Irin wannan bargon hawa uku ne, ƙyallen sama, auduga a tsakiya, sai shafi a ƙasa, a bi da ɗinki a haɗe su, ɗinkin ne ke sa wani waje ya kumburo wani ya lotsa. Da na nuna wa Kawu sai ya ce min to ke meye sabo a nan, ba lifidi ba kenan? Kuma fa gaskiyarsa, duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifida da dawakansu cikin rigar nan mai cushe da auduga. Hannun mun iya tun tuni, hoton gida ne dai ba mu saba yi da shi ba, mu namu zanen a jikin bangon kansa muke yi, dagi da sauran su.

To sai na fara. Na je wajen telanmu na ce ya tara min ƙyallayen ƙarƙashin keke, ya kalle ni ya ce Hajiya filo za ki cusa? Na ce eh kawai, don ba ni da ƙarfin bayani. Ya ba ni buhu guda. Buhun fulawa na yanzu duk na leda ne allura ba ta jin daɗinsa, shi ya sa na sayi akoko yadi ɗaya a Kantin Kwari na yi ƙasan aikin da shi.

Matsala ta farko launin bango. Jama'a ku je ku duba, duk atamfofin duniyar nan babu mai launin ginin ƙasa da aka yi wa makuba, wannan ja-ja mai duhu da ke sheƙi in rana ta yi yamma. Ruwan ƙasa na kanti ya cika tsafta, kamar cakulet. Na ɓata sati biyu a kan wannan. Ƙarshe dai sai na dafa shayi mai kauri kamar na masu gadi, na daka goro ja na zuba, na jiƙa akokon ya kwana, na shanya, na sake, sau uku. Ya fito da dabbare-dabbare wani waje ya fi wani duhu, na zauna zan yi kuka wai na ɓata yadi, Umma ta wuce ta kalla ta ce ai haka bangon yake, ke kin taɓa ganin yaɓe ya yi launi ɗaya? Shikenan na bar shi.

Sama kuma ban wahala ba, wani guntun shuɗi na rinin Ƙofar Mata da ke cikin akwatina tun wani biki shi na shimfiɗa, sai dai yana zuba, duk yatsuna suka yi baba kwana biyu. Zanko ne ya kusa sa ni haƙura. Abu ne ɗan ƙarami mai tsini, ka yanka ka naɗe bakinsa ya zare, ka sake ya karkace ya koma kamar kunnen zomo. Shadda ta fi kowa taurin kai a nan, santsi gare ta, leshi kuwa kada ma ka fara. Atamfa ce mai biyayya, in ka ninke ta da farce ta zauna. Daga baya telan ya ba ni irin gam ɗin nan da suke liƙa wa wuyan riga da dutsen guga, na manna a bayan ƙyallen kafin na yanka, sai ga zanko ya miƙe tsaf. Indararo da guntun tsinken tsintsiya na naɗe da baƙin zare. Tabarmar Hajiya kuma kaba ce ta gaske na tsaga sirara na saƙa, faɗinta bai fi akwatin ashana ba, ta ci min dare guda cur.

Mutanen ciki ban yi musu fuska ba, babu ido babu baki, don ban son surutu, kuma ni kaina hankalina ya fi kwanciya a haka. Abin mamaki kowa ana gane shi. Mai ƙosai ta bakin lungu da kaskonta, almajirin gidan da 'yar robarsa, akuyar maƙwabta da ke shigo mana kullum ta ci dusa.

Inda abin ya canza min shi ne ranar da na buɗe tsohuwar adakar Umma ina neman abin da zan yi wa Hajiya zani. Na ciro wata atamfa kore mai ganye-ganye duk ta koɗe, na yanki ɗan gefe ban tambaya ba, na ɗaura wa 'yar tsohuwata na zaunar da ita kan tabarma a ƙofar ɗaki. Da yamma Goggo ta zo, ƙanwar Baba, na miƙa mata na ce Goggo ku duba ku gaya min ko ya yi kama. Ta sa tabarau tana ta kushe, wai rijiyar ta yi kusa da madafi, wai darbejiyar ai a hagu take in ka fito daga zaure ba dama ba, wai ƙofar soron ba ta kai wannan faɗin ba sai ka sunkuya. Tana cikin faɗa sai ta yi shiru. Ta sa ɗan yatsa a kan zanin nan ta ce ke, ina kika samo wannan? Na ce a adakar Umma. Ta ce wannan ai na Hajiya ne, da shi ta goya ubanki, da shi ta goya ni, ranar sunanki ma ita ta ba uwarki ta ce a goya ki da shi. Ni wallahi ban sani ba, kore kawai na gani ya yi min. Muka zauna mu uku ba mai magana, can Umma ta ce amma dai da kin tambaya kafin ki sa almakashi, muka kwashe da dariya Goggo tana share ido da bakin mayafi.

Tun ranar na zubar da rabin buhun telan. Ƙyallayensa masu kyau ne amma na baƙi ne, ban san jikin wa suka taɓa ba. Yanzu bin dangi nake ina roƙon tsumma. Yaya ya ba ni tsohuwar rigar makarantarsa fara na yi hayaƙin murhu da ita, 'yar Goggo ta aiko da ɗankwalin ankon wani biki da aka yi a tsakar gidan na yi shanya a kan igiya, kuma ko wace ta aiko sai ta haɗo da labari a saƙon murya na minti bakwai, rabinsa gulmar waɗanda suka mutu. Aikin ya rage kyau fa, in faɗi gaskiya, launukan ba su dace da juna kamar da ba, wata ƙawata mai ɗinki ta ce na farkon ya fi tsari kuma ban musa mata ba.

Rigimar darbejiya har yau ba a gama ba. Goggo ta ce hagu, Yaya ya rantse dama, har ya ce shi da ya faɗo daga kanta ya karye ai ya fi kowa sani, Goggo ta ce don ya faɗo da ka ne shi ya sa ya manta. Na farke ta sau biyu, wajen har ya fara yin huji, yanzu da fil na maƙale ta ina jira su sasanta.

Aljihun baya na riga na ɗinka irin na matan Chile, takardar ce ban rubuta ba tukuna. Ƙofar zaure ma har yanzu babu, rami ne kawai fari, don na ce sai da tsohuwar babbar rigar Baba mai aska takwas zan yi ta, wadda yake sawa ranar Juma'a. Na tura Umma ta roƙa min, ya ce shi rigarsa ba ta mutu ba tukuna, wai in jira bayan babbar sallah ya gani.