Gata ne ke kashe sedum

Ku ƙannena da kuka fara sha'awar jera tukwanen fure a tsakar gida, ku saurara kafin ku sayi sedum. Gajeren tsiro ne mai yaɗo, ganyensa ƙanana masu kauri, furensa mai siffar tauraro, galibi rawaya, wani fari ko ruwan hoda. Mai sayar da furanni a bakin titi zai rantse muku cewa ba ya mutuwa. In rani yake nufi, bai yi ƙarya ba. A Zariya damina ce ajalinsa, sai kuma hannun mai shi.

Na farkon da na samu, gatan tumatir na yi masa: jar ƙasa, kashin awaki, ban ruwa safe da yamma. Ganyen ya koɗe, ya yi laushi, ya fara zuba da kansa. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara masa ruwa. Ranar da na tumɓuke shi na tarar gindin ya yi baƙi ya narke, ina taɓawa ya rabu da saiwar, ga wari.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, ganyen nan rumbun ruwa ne. Da rana tsiron yana rufe 'yan ƙofofin da yake numfashi da su, sai dare ya yi sanyi ya buɗe su ya shaƙi iska, shi ya sa zafin rana ba ya zuƙe masa ruwa. Saiwarsa kuwa gajera ce, ba ta nutsawa can ƙasa, kuma in ta kwana biyu cikin laima sai ta ruɓe. Don haka ku koyi karanta ganyen. Mai jin ƙishi motsewa yake yi, ya yamutse, kuma shayarwa ɗaya ta ishe shi ya dawo. Wanda ruwa ya yi wa yawa kumbura yake yi, ya yi taushi, wannan kuwa da wuya ya tashi. Kafin ku ɗauki buta, ku tura yatsa cikin ƙasar. In da sauran danshi, ku mayar da butar.

Ƙasar ma aiki ce. Jar ƙasarmu tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta daskare. Ku nemi yashi mai tsakuwa irin na magina, kashi biyu, ku haɗa da ƙasar lambu kashi ɗaya, ku zuba dakakken gawayi kaɗan. Taki ba dole ba ne; in ya yi yawa sai tsiron ya yi ta ganye ya manta da fure. Kaskon ƙasa ya fi roba, ko da tsohuwar tukunyar da ta tsage ce aka jefar a bayan ɗaki, muddin kun huda gindinta. Ku zuba ruwa ku gani: in bai fito ta ƙasa nan take ba, ku ƙara yashi.

Sai batun malka. Ruwan da Zariya ke samu a shekara ya kai kusan milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta kuma kun san yadda ake wuni ana tsuga shi. Tun kafin lokacin ku ɗora kaskon kan bulo, ku matsar da shi ƙarƙashin rumfa inda haske ke shiga. Ku dai ɗaga kai ku duba indararo tukuna, don ni can na taɓa ajiye nawa da sunan na ɓoye shi.

Inuwa sosai ma ba ta yi masa. Zai miƙe ya yi zalau, ganye nesa da ganye. Ranar safe ce tasa. A Maris da Afrilu ku kare shi daga ranar azahar, musamman in kan siminti yake. Irin da asalinsu Meziko ne sun fi jure zafinmu a kan na Turai, waɗanda a Jamus ake shimfiɗa su a rufin gidaje. Hunturu kuwa lokacinsa ne: wasu ganyen sai bakinsu ya yi ja. Ƙura kawai za ku riƙa hure masa.

Kada ku ɓata kuɗi wajen sayen da yawa. Bayan ɗaukewar ruwa ku karya reshe, ku bar shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin ya bushe, ku kwantar da shi kan ƙasar, kada ku shayar sai bayan mako guda. Ko ganye ɗaya da ya faɗi yakan yi saiwa. In kun ga wasu fararen ƙwari sun maƙale a hammatar ganye, ku jiƙa audugar kunne da sifirit ku goge su tun ba su yaɗu ba. Kuma in akwai kaji a gidan, ku kifa kwando a kan sabon dashen, don kaza ba ta ganin yashi mai laushi ta wuce ba ta tona ba.